Rigar kariya daga nutsewa: yadda za ka zaɓa, ka gwada, ka ɗaura kafin jirgi ya bar gaɓa

Da zarar an sauko daga Idi an gama gaishe-gaishe, maganar da ke tashi a unguwanninmu na Ankara, babban birnin Ghana, irin su Nima da Maamobi da Sabon Zango da Madina, ita ce ta fita shan iska. Ƙungiyoyin matasa da makarantun Islamiyya da 'yan adashi kowa na tara kuɗi: wasu Ada Foah, wasu Akosombo, waɗanda ba su son nisa su tsaya Bojo, inda sai an tsallaka da kai a kwalekwale kafin ka taka yashin bakin teku. Ana lissafin kuɗin bas, da na wake da shinkafa, da na lasifika, har da na anko. Abin da ban taɓa jin an sa a lissafi ba shi ne rigar kariya daga nutsewa, wadda masu jirgi da 'yan kasuwa ke kira laif jaket.

Ni ma na daɗe ban sa ta a lissafi ba. Wata shekara na jagoranci yaran unguwarmu zuwa Ada. Mai jirgin ya zaro riguna daga ƙarƙashin benci, duk warin fetur, wasu babu maɓalli, kuma ba su kai yawanmu ba. Muka raba yadda ta samu muka shiga. Kusa da inda kogin Volta ke haɗuwa da teku wani jirgi mai gudu ya gifta, igiyarsa ta bugo mu, ruwa ya shigo, mutum uku suka miƙe tsaye lokaci guda, jirgin ya karkata. Allah ya tsare, ba mu kife ba. Amma na dubi 'yar ƙanwata da ke kan cinyata, 'yar shekara shida, sanye da rigar babban mutum da ta haura mata har kunne, na san da mun kife rigar ce kaɗai za ta taso, yarinyar ta zame ta ƙasa. Tun ranar ban ƙara yarda wani ya miƙo mini riga na sa wa yaro ba tare da na duba ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, akasarinsu a ƙasashe irin namu, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli don tunatarwa a kan haka. Ba sai mun je nesa ba ma: a watan Mayu na 2023 yara 'yan makaranta 9 suka rasu a Faanaa, kusa da Bortianor, da kwalekwalensu ya kife. A Amurka, inda ake ajiye lissafin haɗarin jiragen shaƙatawa duk shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka nutse ba su sanye da rigar. Da yawa tana cikin jirgin, ba ta dai jikinsu.

Fara da sanin ruwan da za ku shiga

Ba ruwa ɗaya ba ne. Tsallakawar Bojo gajeruwa ce, ruwan a kwance, mutane na gani daga gaɓa biyu. Bakin Ada kuwa kogi ne ke karo da teku, kuma idan teku na janyewa ruwan na ja da ƙarfin da gwanin iyo ma ba ya iya masa. Tafkin Volta, wanda ya samu bayan kammala madatsar Akosombo a 1965, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 8,500 ko kusa da haka, kuma daji ne ruwa ya shanye, don haka har yau kututturan itatuwa na tsaye a ƙarƙashi suna fasa cikin jirgi. Hadari kuma kan taso a can ba sallama. In 'yan'uwa na Kumasi sun gayyace ku tafkin Bosomtwe, ku sani tsakiyarsa ta haura mita 70 a zurfi. Ga wani abu da mutane ba su lura da shi ba: ruwan daɗi bai kai ruwan gishiri ɗaga jiki ba, saboda haka wanda ya saba yin lilo a tekun Labadi zai ji jikinsa ya fi nauyi a Akosombo.

Iya nisan ku da gaɓa da iya jinkirin da taimako zai yi kafin ya iso, iya ƙarfin rigar da kuke bukata ke nan.

Karanta rubutun da ke cikin rigar

Duk rigar kirki tana da rubutu a ciki, bugagge ko ɗinkakke: sunan kamfani, nauyin wanda aka yi wa ita, faɗin ƙirji, da ƙa'idar da aka gwada ta a kai. Wadda za ka fi cin karo da ita ita ce ISO 12402, kuma ta raba riguna zuwa mataki huɗu da lambobi 50, 100, 150 da 275. Harafin N da ke biye da lambar yana nufin Niyuton, ma'aunin ƙarfin ɗagawa. Niyuton 10 kusan kilo 1 ne.

Nan ne ake yawan tambayata: ni mai kilo 90, yaya rigar da ke ɗaga kilo 10 za ta riƙe ni? Ai ruwan da kansa ya riga ya ɗauke kusan duk nauyinka. Abin da yawancin manya ke bukata don baki da hanci su tsaya a sama bai wuce ƙarin kilo 3 zuwa 6 ba.

Mai lamba 50 ba rigar ceto ba ce, taimakon iyo ce. An yi ta don wanda ya iya ruwa, yana kusa da gaɓa, ana ganinsa. In mutum ya suma ba za ta juyo da fuskarsa sama ba. Tana da kyau a ido, ba nauyi, shi ya sa matasa ke rububinta, amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: yawancin 'yan zango ba mu iya iyo ba, mun tashi tsakanin lungu da titi ne. Ga irinmu mafi ƙaranci ita ce mai lamba 100, wadda ke da tudu a bayan wuya da ke tallafe kai, ta dace da kogi da tafki. Mai lamba 150 ita ce aka yi don ta juya wanda ya suma ya koma rigingine, kuma ita zan zaɓa in za a kusanci bakin teku ko a yi nisa cikin tafkin Volta. Mai 275 ta ma'aikatan tsakiyar teku ce masu kaya masu nauyi, ba ta shafe mu ba.

Za ka kuma ga masu rubutun SOLAS, manya, ruwan lemo, masu kusurwa kamar bulo. SOLAS yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ce da ta samo asali bayan nutsewar Titanic a 1912, kuma rigunan da ke ɗauke da sunanta su ne na manyan jirage. Ba su da daɗin sawa, amma suna aiki.

Ta soso ko ta iska?

A da audugar rimi ake cusa wa rigunan nan, har yau kuma akan ga tsofaffinsu. Yanzu wani irin soso ne mai rufaffun ƙofofi wanda ba ya shan ruwa. Irin wannan ba ta bukatar ka yi komai: ka faɗa, ta ɗaga ka. Don tafiyar iyali ko ta ƙungiya ita nake ba da shawara, ba tare da wani kokwanto ba.

Ta iska siririya ce, kamar gyale a wuya, da 'yar tukunyar gas a ciki. Mai lamba 150 yawanci gram 33 na iskar kabon dayoksaid take ɗauka. Wata sai ka ja igiya take kumbura, wata da kanta idan ruwa ya narkar da wani ɗan ƙwaya da ke cikin na'urar. Wadda ake ja da hannu ba ta dace da yaro ko wanda bai iya ruwa ba, domin wanda ya firgita ba ya tuna igiya. Mai tashi da kanta kuma ɗan ƙwayan nan yana da ranar lalacewa, ga laimar Ankara da ke saurin cinye shi. In har za ka saya, tambayi mai shagon ko yana da tukunya da ƙwayan canji. In babu, rigar amfani ɗaya ka saya. Kuma kafin kowace tafiya ka hura ta da baki ta bututun da ke gefe, ka bar ta ta kwana. In ta saki da safe, ta huje.

A wurin saye

Shagunan kayan kamun kifi da na jirage a wajen tashar jiragen ruwa ta Tema sun fi dacewa a fara dubawa fiye da mai talla a bakin titi. Kada ka ruɗe da rigar nan mai ƙyalli ta 'yan gini da masu ba da hannu a titi. Launin ɗaya ne, amma ƙyalle ne zalla.

Akwai jabu, kuma jabun nan kashewa yake yi. A farkon 2016 'yan sandan Turkiyya sun kama riguna fiye da 1,000 a wani ɗakin ɗinki a Izmir, ana shirin sayar wa masu tsallaka teku zuwa Turai, an cusa musu abin da ke shan ruwa maimakon ya ɗaga mutum. Don haka ka matsa rigar da hannu. Soson kirki yana da tauri, kana saki ya dawo. In ya yi laushi irin na katifa, ko ka ji yana marmashewa, ajiye. Ja kowace igiya da ƙarfinka, ka dubi inda aka ɗinke ta da jikin rigar. Ɓalla kowane maɓalli ka ji ya ce ƙas, sannan ka fizga. Duba ko akwai usur a ɗaure, da farin ƙyallen da ke haske idan an dalle shi da tocila. Launi kuwa, ruwan lemo ko rawaya ko ja. Baƙa da shuɗiya sun fi kyau a hoto, amma mai neman ka da magariba ba zai gan su ba.

In ka ci karo da ita a dilar gwanjo a Kantamanto, araha ba laifi ba ce, sai dai ba ka san shekara nawa ta sha rana ba. Wadda rubutunta ya goge, bar ta. Wadda ka saya, ka danna ta cikin baho da dutse a kai ta kwana. In ka ɗago ta da nauyi tana zubar da ruwa kamar soson wanka, ka yi asarar kuɗi, amma ka tsira da rai.

Sawa da ɗaurawa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi sakaci. Babba da faɗin ƙirji ake zaɓar masa, yaro da nauyi. Sassauta dukkan igiyoyi tukuna, ka sa, ka ja zif, ka ɓalla maɓallai duka, ba biyu cikin uku ba. Fara tsukewa daga ta ƙugu, ka hau sama, na kafaɗa su zo ƙarshe. Ta kama jiki sosai amma kana iya jan dogon numfashi. Sai ka ɗaga hannuwa sama, wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama da ƙarfi. In ta haura ta taɓa haɓa ko kunne, haka za ta yi a ruwa: ita ta yi sama, kai ka yi ƙasa. A ƙara tsukewa, in ta ƙi a canza ƙarama.

Igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi ita ce ke hana wannan zamewar, kuma ita ce aka fi bari tana reto. Ga yaro ba ta da zaɓi. Rigar yaro ta kasance da ita, da tudun bayan kai, da madauki a ƙeya wanda za a kama a ciro shi. Auna yaron a sikeli kafin ka je kasuwa, ka sayi wadda nauyinsa ya faɗa cikin abin da aka rubuta. Dabarar nan tamu ta sayen kayan Sallah da girma don yaro ya girma a ciki, a nan ba ta da wuri. Robar hannu da tayar wasa da ake hurawa kuwa kayan wasa ne.

Sai maganar suturarmu, wadda takardun Turawa ba su san da ita ba. Riga ana sa ta a kan dukkan tufafi, ba a ƙarƙashi ba. Alhaji ya cire babbar riga ya naɗe, ya shiga da 'yar ciki. Doguwar jallabiya da abaya suna naɗe ƙafa a ruwa, kuma suna hana ɗaura igiyar ƙasa. Na lura yawancin iyayenmu mata ba taurin kai ke sa su ƙin igiyar nan ba, kunya ce, kuma suna da gaskiya. Maganin shi ne a faɗa musu tun a gida su sa wando mai kauri a ƙarƙashin zani ko abaya, sannan mace ce za ta taimaka wa mace ɗaurawa. Dogon hijabi kan taso ya rufe fuska idan an faɗa ruwa, don haka a sa gajere, ko a tusa dogon cikin rigar kafin a ja zif.

Goyo kuma, don Allah a saurare ni. Rigar kariya an yi ta ne ta kwantar da mai ita rigingine. Uwar da ta faɗa ruwa da goyo, ita za ta sha iska, jaririn yana ƙarƙashinta cikin ruwa. A kwance goyo kafin a shiga jirgi, a sa wa yaron rigarsa, a riƙe shi a cinya, kada a ɗaure shi da jikin kowa ko da benci. Jaririn da ba a samu rigar da ta yi masa daidai ba, a ganina shi da mahaifiyarsa su zauna a gaɓa. Yawon minti talatin bai kai haka ba.

In da hali, kafin ranar tafiya a kai yara wurin ninƙaya mara zurfi, babba na tsaye kusa, kowa ya sa rigarsa ya saki jiki ya ɗage ƙafa. Baki ya tsaya sama da ruwa ba tare da an yi ƙoƙari ba. Yaron da ya taɓa jin yadda riga ke ɗaga shi ba ya firgita kamar wanda ranar ce farkonsa.

Aikin jagora a bakin ruwa

Kowace tafiya a naɗa mutum ɗaya wanda wannan ne kaɗai aikinsa, ba mai rabon abinci ba, ba mai karɓar kuɗi ba. Ya kira mai jirgi tun kafin ranar ya faɗa masa manya nawa, yara nawa, ya tambayi rigunan yara nawa gare shi. Amsar da aka saba ji ita ce akwai, ba matsala. A ce masa sai an gani kafin a biya. Hukumar Kula da Harkokin Jiragen Ruwa ta Ghana, wadda aka kafa da dokar 2002, ita ke da alhakin tsaron jirage har da na koguna da tafkuna, kuma ta daɗe tana kira a sa rigar a daina lodin wuce kima. Don haka wanda ya nemi riga ba alfarma ya roƙa ba. In riguna goma sha biyu ne masu kyau, mutum goma sha biyu za su shiga, sauran su jira sawu na biyu.

A ɗaura a kan tudu, ba cikin jirgi ba. Kwalekwale na kifewa cikin daƙiƙa biyu ko uku, kuma sa riga a cikin ruwa abu ne da ke gagarar ma'aikatan jirgi da aka horar, balle wanda ke shan ruwa yana neman ɗansa. A ƙirga kai a shiga, a ƙirga a fita. A raba yara, kowane babba ya san nasa biyu ko uku. A gaya wa kowa: ba tsayuwa, ba komawa gefe ɗaya don kallo.

Za ka samu mai gardama. Saurayi zai kwance don ɗaukar hoto, shi wannan a ce wa matuƙi ya kashe inji har sai ya mayar. Dattijo kuma zai ce in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa. Ba a yi masa tsawa. Na taɓa durƙusawa na ce, Baba Alhaji, gaskiya ne, amma ku kuka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali, kuma jikokinku na kallon ku. Ya yi shiru, ya miƙo hannu, na ɗaura masa.

In abin ya faru

Minti na farko shi ne mai haɗari, domin jiki na son ya yi kokawa. Rufe baki, jingina baya, bar rigar ta yi aikinta har numfashi ya daidaita. In igiyar ruwa na bugun fuska, juya mata baya ko ka kare baki da tafin hannu. Kada ka bar jirgin. Kwalekwalen katako ko ya kife yawanci ba ya nutsewa, kuma masu ceto sun fi saurin hango shi fiye da kan mutum. Gaɓa kullum tana yi wa ido kusa fiye da yadda take. In ka tsinci kanka a ƙarƙashin jirgi ko rumfarsa, rigar za ta manna ka sama, sai ka kama gefen da hannu ka ja kanka ƙasa ka fito. Ku taru wuri ɗaya ku riƙe juna, yara a tsakiya, domin ko ruwanmu mai ɗumi yana sanyaya jiki in an daɗe. Busa usur, ya fi murya nisa kuma ba ya cinye ƙarfi.

Wanda ke cikin jirgi ko a gaɓa kada ya yi tsalle ya bi wanda ya faɗa, mai nutsewa yana danne duk wanda ya kama. Miƙa masa filafili ko sanda, ko ka jefa igiya, ko galan ɗin Kufuor, wato jarkar roba, da ba komai ciki an rufe bakinsa tam. Mai lita 20 yana ɗaga kusan kilo 20, ya ma fi yawancin riguna ƙarfi. Bambancin shi ne galan sai da hannu, hannu kuwa yana gajiya. A kira lambar gaggawa, 112. In an ciro mutum ba ya numfashi, kada a tsaya matsa masa ciki wai a fitar da ruwa. A buɗe masa hanyar iska, a hura masa numfashi, a danna ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba. Ƙungiyar Red Cross ta Ghana na koyar da wannan, ya kamata ko mutum biyu a kowace ƙungiya su je su koya. Wanda ya shaƙi ruwa, ko ya miƙe yana cewa lafiya lau, a kai shi asibiti, musamman in yana tari ko numfashinsa na sauri.

Bayan an dawo gida

Ɗauraye da ruwan famfo, musamman in ta sha gishiri. Shanya a inuwa inda iska ke bi, ba a kan kwanon rufi ba, rana na cinye ƙyallen da igiyoyin. Ba guga, ba bilic, ba injin wanki. Sai ta bushe ƙarau a rataye ta, in ba haka ba damina za ta sa ta fumfuna. Nesa da fetur, nesa da ɓera. Kada a zauna a kanta ko a ɗora mata kaya, soson da ya danne ba ya komawa yadda yake.

Ƙungiyar da ke fita duk shekara gara ta sayi nata, ko na yara kaɗai, a rubuta nauyi da alƙalami mai kauri a bayan kowace, a ajiye wurin ma'aji. Mako biyu kafin Sallah a fito da su a sake auna yaran, domin wanda ta yi wa daidai bara bana ya wuce ta. Wadda ta yage, ko sosonta ya taurare, ko maɓallinta ya karye ba a samu irinsa ba, kada a ba wa wani kyauta, kada kuma a jefar da ita yadda take. Sa almakashi ka yanke igiyoyin, ka farke ta biyu, sannan ka kai bola, don kada wani ya tsince ta gobe ya sa wa ɗansa.